Yadda Jijiyar Idon Kifi Ke Gane Hanyar Gida

A Barmou da ƙauyukan arewacin Adar, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, an san makanta iri biyu ko da ba a raba musu suna ba. Akwai tsohon da farar yana ta rufe wa ido, a kai shi asibiti a Tahoua ko a jira zuwan likitocin ido, a yi masa aiki na 'yan mintuna, washegari a kwance bandeji ya gane fuskokin jikokinsa. Akwai kuma wanda idonsa garau yake ga mai kallo, baƙin baƙi wuluk, farin fari tas, amma duniya ta yi masa duhu, likita ya haska fitila ya duba ya ce ba abin da za a iya yi. Dangi sukan koma gida da zargi a zuci, su ce ai an yi wa wane aiki ya warke, don me aka ƙi namu? Ba ƙi aka yi ba. Na farko, abin da haske ke ratsawa a gaban ido ne ya dushe, ana iya cire shi a sa na roba. Na biyu kuwa jijiyar da ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa ce ta mutu, galibi saboda hawan jinin ido, kuma a jikin ɗan Adam wannan jijiya in ta mutu ba ta sake tsirowa.

Wannan hukunci bai hau kan kowace halitta ba. Kifi, irin wanda masunta ke fitarwa daga tabkin Tabalak a soya a bakin hanya ko a kyafe a kai kasuwannin Adar, ya fi mu sa'a a nan. An gwada a kan kifaye iri-iri, har da wani ɗan uwan karfasa, sakamakon kuma ɗaya ne: a datse jijiyar gani gaba ɗaya, kifin ya makance, bayan 'yan makonni jijiyar ta sake tsirowa daga ido ta koma ƙwaƙwalwa, ya ci gaba da farautar abincinsa. Yawancin masu jin wannan labari kan tsaya a kan tsirowar, su ce da za a gano abin da ke sa ta da an gama da makanta. A ganina tsirowa ita ce ƙaramin ɓangaren al'amarin. Babban shi ne yadda kowane zare cikin dubbai ke gane inda ya dace ya sauka. Wanda ya fahimci wannan zai san dalilin da ya sa maganin irin wannan makanta bai kusa ba, ya kuma san abin da ya wajaba a kansa tun kafin ta same shi.

Jijiyar gani ba igiya ɗaya ba ce. Tarin zarurruka ne, a idon mutum sun haura miliyan 1, kowanne ya fito daga ƙwayar halitta guda da ke zaune a wuri takamaimai a kan tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido, wanda ke karɓar haske. A kifi, zarurrukan kowane ido suna tsallakawa ɗaya gefen kai, su sauka a wani sashe na saman ƙwaƙwalwa da masana ke kira tektum. Saukar tasu a tsare take. Ƙwayoyin da ke maƙwabtaka a cikin ido, zarurrukansu ma maƙwabtaka suke yi a kan tektum: na gefen hanci suna wucewa can baya, na gefen wutsiya suna tsayawa a gaba, na sama da na ƙasa kowa da yankinsa. Wato duk abin da ido ya kalla yana da taswira a cikin kai. Ƙwaƙwalwa ba ta ganin komai da kanta. Abin da ta sani kawai shi ne wane wuri a jikinta saƙo ya taɓa, daga nan take yanke cewa abu yana sama ne ko ƙasa, gaba ko baya. Da zarurrukan za su dawo duka lafiyarsu lau, amma kowanne ya sauka inda ya ga dama, da kifin zai san dai akwai haske, amma ba zai bambance tsutsa da inuwar ciyawa ba.

Wanda ya fara kama bakin zaren wannan tambaya shi ne Roger Sperry, wani masani Ba'amurke, a farkon shekarun 1940. A lokacin masana da yawa sun ɗauka jijiyoyi barkatai suke tsirowa, sannan dabba ta koyi amfani da abin da ta samu sannu a hankali, yau ta kuskure gobe ta dace. Sperry ya ɗauki kwaɗi da wasu danginsu masu wutsiya, ya yanke jijiyar gani, ya juya ƙwayar idon a cikin gurbinta har samanta ya koma ƙasa, ya bar ta ta warke a haka. Gani ya dawo, amma a juye. A nuna wa kwaɗon ƙuda a sama, ya kai sura ƙasa. A nuna masa a gaba, ya juya baya. Watanni suka shuɗe bai gyara ba, ko da yake kuskuren na hana shi cin abinci. Wannan ya rushe batun koyo, don babu dabbar da za ta koya wa kanta abin da zai bar ta da yunwa. Abin da ya faru shi ne kowane zare ya koma tsohon wurinsa a ƙwaƙwalwa, ba ruwansa da cewa an juya idon da ya fito daga ciki.

Hujja mafi ƙarfi daga kifi ta zo. A 1963 Sperry da Domenica Attardi suka buga sakamakon aikinsu a kan jan kifin nan na ado da ake kiwo a cikin akwatin gilashi. Sun cire rabin tantanin ido, suka yanke jijiyar, suka jira kimanin makonni 3, sannan suka duba ƙwaƙwalwar da madubin hangen ƙananan abubuwa. Zarurrukan rabin da ya rage sun tarar da tektum fili fetal, ba mai tare musu hanya, amma ba su bazu ko'ina ba. Waɗanda mazauninsu ke can baya sun ratsa gaba inda babu kowa, ba su tsaya ba sai da suka isa nasu. A shekarar dai, Sperry da H. L. Arora suka ba da labarin wani kifin Kudancin Amurka, dangin karfasa, wanda suka horar ya riƙa zaɓar launi ɗaya ya bar wani in yana son abinci. Suka yanke masa jijiya, ta tsiro, sai ga shi yana zaɓar launin da aka koya masa tun farko ba tare da an sake horar da shi ba. Daga nan Sperry ya yanke cewa kowace ƙwaya a ido tana ɗauke da wata alama ta sinadari, kuma akwai wadda ta dace da ita a ƙwaƙwalwa. Alama da alama ke neman juna.

An soki wannan ra'ayi, kuma sukar ba ta banza ba ce. Ta farko ta lissafi ce: ina jiki zai samo sinadarai daban-daban har dubu ɗaruruwa, ɗaya ga kowane zare? Ta biyu ta fi zafi, don daga jikin kifin ta fito. A 1970 Michael Gaze da S. C. Sharma suka cire rabin tektum na baya, suka bar ido cikakke. In da kowane zare wuri ɗaya tak ya sani, da rabinsu sun rasa masauki, kifin ya yi asarar rabin ganinsa har abada. Sai ga shi bayan watanni dukan taswirar ta matsu ta shige cikin rabin da ya rage, kuma a tsare, kowa kusa da maƙwabcinsa na da. A 1978 John Schmidt da abokan aikinsa suka nuna ɗaya fuskar: in aka bar rabin tantanin ido ya daɗe shi kaɗai, zarurrukansa kan baje su cika tektum duka. Wasu suka ce an binne ra'ayin Sperry ke nan. Ban ga haka ba. Abin da waɗannan gwaje-gwaje suka rushe shi ne zaton cewa alamar lamba ce kafaffiya, ba ta motsi. Ba su rushe samuwar alamar ba, tunda ko a matse ko a baje jerin bai taɓa rikicewa ba, kuma dole akwai abin da ke tsare shi. Sperry da kansa ya riga ya kawo yiwuwar cewa sinadaran kaɗan ne, yawansu ne ke hauhawa daga wannan gefe zuwa wancan.

Haka kuwa aka tarar. A 1987 Friedrich Bonhoeffer da ɗalibansa a Tübingen ta Jamus suka shimfiɗa siraran layuka a faranti, wani daga naman gaban tektum na ɗan tsako, na kusa da shi daga na baya, suka saki zarurrukan ido a kai. Na gefen da ke sauka a gaba suka bi layukan gaba kaɗai. Da aka dafa naman baya don a lalata abin da ke cikinsa, sai zaɓen ya ɓace, alamar ba gaban ne ke jan su ba, bayan ne ke korarsu. Claudia Stuermer da abokin aikinta suka ga irin haka a zarurrukan kifi a 1989. A 1995 ɗakin binciken Bonhoeffer da na John Flanagan a Harvard suka gano sinadaran da ke wannan kora, waɗanda yanzu ake kira efrin. A gaban tektum ɗan kaɗan ne, yana ƙaruwa har ya kai maƙura a baya. Su kuma zarurruka sun bambanta wajen jin zafin korar: na gefen wutsiya suna ji sosai, shi ya sa suke tsayawa da wuri, na gefen hanci ba su cika ji ba, sai su zarce. Da 'yan sinadarai ƙalilan, wasu daga gaba zuwa baya, wasu daga sama zuwa ƙasa, an ba kowane zare matsayinsa, kuma matsayin a kan 'yan uwansa ake auna shi. Shi ya sa in wuri ya ragu sai a matsu, in ya yalwata a baje, jeri na nan.

Duk da haka sinadari bai gama aikin ba, kuma nan ne labarin ya fi ƙayatarwa. Da Stuermer da Stephen Easter suka bi sawun zarurruka masu tsirowa a 1984, sun ga ba sa bin tsohuwar hanyarsu sak. Sukan cakuɗe a wurin yankan, da yawa su shiga tektum ta inda ba nasu ba, su yi ta kewaye suna fitar da rassa barkatai. Taswirar farko dishi-dishi ce. Ga misali: Ba'adaren da ya daɗe a ci-rani a Abijan, ya sauka Tahoua cikin dare ya tarar an sake tituna, zai iya kai kansa unguwarsu don ya san gabas da yamma, ya san nisanta da kasuwa. Amma ƙofar gidan sai ya ji muryoyin maƙwabtan da ya sani zai tabbatar. Muryar maƙwabta a nan ita ce saƙon lantarkin da zarurruka ke aikawa. Ƙwayoyi biyu da ke kusa da juna a ido abu ɗaya suke kallo, don haka tare suke aika saƙo. Reshen da saƙonsa ya zo lokaci ɗaya da na kewayensa sai ya ƙarfafa, wanda nasa ya saɓa sai ya janye. A 1983 Ronald Meyer, da kuma Schmidt da abokin aikinsa, kowa a nasa ɗakin bincike, suka sa wa idon kifi wani dafi da ake samu a jikin kifin teku dangin talibamban, wanda ke hana jijiya aika saƙo. Zarurruka suka tsiro, suka isa yankinsu, amma taswirar ta tsaya a dishi-dishi. Daga baya aka ajiye kifaye a inda ba wani haske sai fitila mai walƙiya, yadda dukan ƙwayoyin ido za su aika saƙo lokaci ɗaya, maƙwabci da na nesa ba bambanci. Nan ma taswirar ba ta gyaru ba. Wato gani da kansa yana cikin masu gina hanyar gani.

Me ya sa kifi ya riƙe wannan baiwa har girmansa? Wani ɓangare na amsar shi ne bai taɓa daina amfani da ita ba. Kifi yana girma muddin ransa, idonsa ma haka. Sabbin ƙwayoyi na ƙaruwa a bakin tantanin ido zobe bayan zobe, shi kuwa tektum ta gefuna da baya yake ƙaruwa, ban da gaba. Tunda girman biyun bai yi daidai ba, dole tsoffin zarurruka su riƙa sakin wurinsu suna matsawa, sabbi kuma kullum suna kan hanya daga ido. Saboda haka alamomin hanya ba su gushe ba; an same su a ƙwaƙwalwar baligin kifi, har an ga efrin na ƙaruwa a lokacin da jijiya ke dawowa.

Mai shakka zai iya cewa duk wannan ado ne, in dai jijiya ta tsiro sauran zai biyo baya. Wani ƙadangaren Ostareliya ya ba shi amsa. Lyn Beazley da Sarah Dunlop da abokan aikinsu a birnin Perth sun nuna a 1997 cewa jijiyar ganinsa tana tsirowa bayan an datse ta, ta isa ƙwaƙwalwa, amma zarurrukan ba sa zama a tsare, kuma ƙadangaren yana nan makaho ta wannan ido. Jijiya ta dawo, gani bai dawo ba. A 2003 suka ba da rahoton cewa waɗanda aka riƙa horarwa suna neman abinci da idon mai rauni sun samu tsararriyar taswira, suna ganin abin da za su kama. Ban san hujjar da ta fi wannan nuna cewa tsirowa daban, gane hanya daban ba.

Sai babbar suka: kifi ba mutum ba ne. Gaskiya ne, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. A ɓera, kimanin kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na ƙwayoyin da aka datse wa zare suna mutuwa cikin makonni 2, alhali a jan kifin ado kusan kashi 90 na rayuwa. Waɗanda suka tsira a jikin mai shayarwa kuma suna cin karo da tabo da sinadarai masu hana tsirowa, irin wanda Martin Schwab ya gano a Zurich a ƙarshen shekarun 1980. Amma bangon ba na dutse ba ne. A shekarun 1980 Albert Aguayo a Montreal ya ɗinka guntun jijiyar ƙafa a bayan idon ɓera, zarurrukan gani suka tsiro ta cikinta. A 2008 Zhigang He a Boston ya kashe wata ƙwayar gado mai taka wa girma birki, zarurruka suka ratsa wurin raunin da kansu. To daga nan ne matsalar da kifi ya riga ya warware ta bayyana tsirara: da yawa daga cikin zarurrukan da aka tilasta wa tsirowa suna yin kwana su koma baya, wasu su ɓace a mararrabar da jijiyoyin idanu biyu ke haɗuwa, wasu ma su shiga jijiyar ɗaya idon. A 2016 ɗakin binciken Andrew Huberman ya haɗa maganin tsirowa da nuna wa idon hotuna masu motsi kowace rana, 'yan zarurruka suka isa wuraren da suka dace, ɓerayen suka koma gudun inuwar da ke sauko musu daga sama, amma gani mai kaifi bai dawo ba. A mutum tafiyar ta fi tsawo, wajen santimita 5 kafin ma a kai mararraba, kuma a can kusan rabin zarurruka ne ke tsallakawa, rabi su tsaya a gefensu, kowanne sai ya zaɓi daidai. A watan Mayu na 2023 likitoci a birnin New York suka dasa wa wani mutum ido sukutum, karo na farko a tarihi. Idon ya rayu, jini na gudana a cikinsa, amma bai gani da shi ba.

Saura tambayar da mutumin Barmou ya fi kowa haƙƙin yi: mene ne amfanin binciken idon kifi ga wanda ko awon ido sai ya yi tafiya? Amsata biyu ce. Ta farko, mu ne hawan jinin ido ya fi ci, don haka mu ne za mu fi cin moriyar maganin in ya samu. Wani ƙiyasi da aka buga a 2014 ya nuna masu hawan jinin ido a duniya za su kai miliyan 76 a 2020, su doshi miliyan 112 a 2040, kuma nau'in da ya fi yawa a Afirka ya fi kamari. Binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya samu cutar a jikin kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40, kusan kashi 94 cikin 100 nasu ba su san suna da ita ba, ɗaya cikin biyar kuma ya riga ya makance. Ta biyu, sanin yadda aikin yake kariya ne daga mayaudara. Duk wanda ya zo da kwalba ko ƙulli ya ce zai farfaɗo da jijiyar da ta mutu, yana alkawarin abin da manyan ɗakunan binciken duniya ba su iya yi wa ɓera cikakke ba. Rigakafi kuwa mun ga aikinsa da idonmu: a Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa, ƙasa ta farko a Afirka, kuma da feshi da rabon magani aka kai ga haka, ba da gyaran idon da ya riga ya lalace ba.

Hawan jinin ido ba ya ciwo a farkonsa. Matsin ruwan cikin ido ne ke cin zarurruka kaɗan-kaɗan, yana farawa da ganin gefe, mutum bai ankara ba sai ya fara karo da kaya. Maganin ɗigawa ko aikin tiyata na iya rage matsin su tsare abin da ya rage, amma abin da ya tafi ya tafi. Saboda haka duk wanda ya kai shekara 40, musamman in akwai wanda ya makance a gidansu ba tare da yana ba, ya je a auna masa matsin ido a duba jijiyarsa tun yana gani garau. Wanda aka ba maganin ɗigawa kada ya daina don bai ji sauyi ba, kuma a guji ɗiga maganin idon kasuwa ba da izinin likita ba, don wasunsu na ƙara matsin. Hukumomin lafiya na jihar Tahoua su ma su kai wannan awo kusa da mutanen karkara, a haɗa shi da duk wani zagayen aikin yanar ido da ake yi a Adar.